GIDAN GADO A ZANGO DA BIRNI: WA KE DA SHI?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya rufa mana asiri da gidaje, ya kuma iyakance wa kowa haƙƙinsa a cikin abin da mamaci ya bari. Tsira da amincin Allah su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa Musulmi, muna yi wa kanmu da ku wasiyya da jin tsoron Allah a ɓoye da bayyane. Maganarmu a wannan fitowa a kan gidaje take, manyan gidajen nan na tsofaffin unguwanni waɗanda attajirai suka gina suka mutu suka bar wa zuriya. Za mu ɗauki Damagaram a matsayin misali, amma mutumin Maraɗi da na Tawa da na Yamai kowa zai gane unguwarsu a cikin maganar.

Wanda ya san Damagaram ya san tsofaffin unguwanninta biyu, Birni da Zango. Birni mazaunin sarauta ne, cikin ganuwar da Sarki Tanimu ya kewaye gari da ita a tsakiyar ƙarni na 19. Zango kuwa a bayan ganuwa yake, masaukin ayari ne tun asali, inda raƙuman Abzinawa ke durƙusawa da gishirin Bilma da dabino, fataken Gadamas da Tarabulus kuma su sauke hajarsu. Sannu a hankali masaukin baƙi ya zama unguwar masu dukiya, irin su Malam Yaro, babban attajirin garin a lokacin da Faransawa suka shigo a 1899. Damagaram ta zama babban birnin ƙasa daga 1911 har 1926, lokacin da aka mayar da mulki Yamai. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, fataucin hamada ya ja baya, cinikin gyaɗa ya maye gurbinsa, soraye suka ƙaru. Su ne waɗannan da muke wucewa ta gabansu kullum: zaure mai daurin guga, rufin azara, zankwaye a kan katanga, fuskar gida da zanen magina. A 2006 gwamnati ta gabatar da sunan Birni da fadar Sarki ga hukumar UNESCO cikin wuraren da take neman a amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Bayan buɗe jami'a a 2010 da matatar man fetur a 2011, ma'aikata da ɗalibai da baƙi suka ƙaru, kuɗin haya da na fili suka hau, gidan da a da ake kira tsohon kango ya zama abin da dillalai ke zagayawa.

A farkon watan Satumba na 2024 ruwan sama mai yawa ya rushe tsohon masallacin Birni, ginin ƙasa da ya haura shekara ɗari da hamsin a tsaye. Zukata sun sosu, kuma ya cancanta su sosu. Amma a kowace damina akwai gidaje da ke faɗuwa a cikin lungunan nan ba tare da rediyo ta faɗa ba, kuma in ka bincika da yawa daga cikinsu ba talauci kaɗai ya kashe su ba. Ginin ƙasa yana son yaɓe, yana son a duba indararo kafin ruwan farko, yana son a sauya azarar da gara ta ci. To wa zai yi, alhali masu gida sun kai arba'in, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya san iyakar abin da ya mallaka? Wanda ke zaune a ciki yana cewa ba zai kashe kuɗinsa a kan abin da ba nasa shi kaɗai ba. Wanda ke Kano ko Yamai yana cewa ai masu cin moriya su gyara. Ita kuwa ɗiyar da ke gidan miji, ko tambayarta ba a yi. Haka ake tafiya har katanga ta kwanta.

Ya ku bayin Allah, asalin wannan cuta shi ne ƙin raba gado. Kuma mun lura cewa yawan darajar gida shi ke ƙara nauyin bakin mutane. A raba tufafin mamaci da akuyoyinsa da ɗan abin da ya bari a akwati tun kafin sadakar arba'in, amma da an zo kan gida sai a ce a bar shi tukuna, gidan baba ne, raba shi raba zumunci ne. Magana ce mai daɗin ji, sai dai mafi yawan masu faɗinta su ne waɗanda mabuɗin ke hannunsu.

Mu sani, daga lokacin da rai ya fita, gidan ya tashi daga mallakar mamaci. Abin da aka jingina shi ake fara fansa, sannan a yi wa mamaci sutura da jana'iza daga dukiyarsa gwargwadon al'ada, sannan a biya bashin da ke kansa ko da zai cinye gidan duka, sannan a zartar da wasiyyarsa matuƙar ba ta wuce sulusi ba kuma ba magaji ya yi wa ba. Abin da ya rage na magada ne. Allah bai bar wannan rabo a hannun babban wa ba, bai bar shi a hannun mai unguwa ba, bai bar shi ko a hannun Annabinsa ba. Shi da kansa ya yanka shi a cikin Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176, ya kuma biyo bayan na farkon da alkawarin Aljanna ga mai ɗa'a da narkon wuta ga mai ƙetare iyaka.

Ku tuna da matar Sa'adu ɗan Rabi'u, Allah ya yarda da shi. Ya yi shahada a Uhudu a shekara ta 3 bayan hijira, ya bar mata da ɗiya biyu, ɗan uwansa ya kwashe dukiyar duka bisa al'adar Larabawa ta hana mata gado. Matar ba ta yi shiru don kunya ba. Ta kama hannun ɗiyanta ta kai ƙara gaban Manzon Allah (S.A.W.), ba a kuma ce da ita ta ɓata zumunci ba. Da hukuncin Allah ya sauka, aka aika wa baffan nasu cewa ya ba ɗiyan kashi biyu cikin uku, ya ba uwarsu kashi ɗaya cikin takwas, ragowar ce kawai tasa. Abu Dawuda da Tirmizi sun kawo wannan ƙissa. Baffan nan sahabi ne, kuma da aka faɗa masa ya miƙa. Mu fa, da muke da ayar a rubuce a allunan ƴaƴanmu?

Bari mu buga misali da lissafi, domin magana ta fita daga duhu. A ƙaddara wani bawan Allah ya rasu ya bar gida a Zango, masana suka yi masa kima ta miliyan 24 na sefa bayan an biya bashi. Ya bar mata biyu, da mahaifiyarsa, da ƴaƴa maza shida, da mata biyar. Matan aure suna da sumuni, wato miliyan 3, kowace miliyan ɗaya da rabi. Mahaifiya tana da sudusi, miliyan 4. Saura miliyan 17: kowane ɗa namiji miliyan 2, kowace ɗiya miliyan 1. Ku dubi wannan da kyau. Tsohuwar da aka ajiye a ɗakin baya ana kai mata fura kamar sadaka, rabonta a gidan ya ninka na babban ɗan da ke zaune a turaka yana ba da umarni. Ɗiyan nan biyar da aka ce sun yi aure sun tafi, abin da suka mallaka a haɗe ya fi na ƴaƴa maza biyu.

Wannan lissafi ne na awa guda in an yi shi a kan lokaci. To a bar shi shekara ashirin a gani. Tsohuwa ta rasu, miliyan huɗunta sun koma ga nata magadan, wato sauran ƴaƴanta, baffanni da gwaggwannin yaran gidan. Ɗaya daga cikin ɗiya mata ta rasu, mijinta yana da rubu'in rabonta in ta bar ɗa, uwarta tana da sudusi, ƴaƴanta suna da saura. Ɗaya daga cikin matan mamaci ta sake aure ta haihu a wani gari, ta rasu, sabon mijin da ƴaƴansa sun shigo cikin masu gida. Wannan shi malamai ke kira munasaka, gado a kan gado, kuma mun sha zama a zaure ana warware irinsa kwana da kwanaki, ana aika mutum ƙauye neman wanda bai ma taɓa jin cewa yana da taku ɗaya a Zango ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A irin wannan tsagar ce shaidar zur ke shiga, da takardun da ba a san wanda ya rubuta su ba.

Akwai masu cewa: ai ƙannenmu mata sun yafe. Muna tambaya, yaya aka yi suka yafe? An kira mace baliga mai hankali, an gaya mata rabonki miliyan kaza ne, ga shi, sannan ta ce na ba ku don Allah? In haka ne, kyauta ce, Allah ya ba ta lada. Amma in an tara ta gaban kawunnai ana kallonta, ta san in ta buɗe baki za a ce ta tozarta gidan ubanta, ta san ranar da aurenta ya mutu nan za ta dawo, to shirunta ba yafewa ba ne. Malaman Malikiyya na ƙasashen Magrib sun yi fatawa tun da daɗewa cewa a wurin da al'ada ta gudana da hana mata gado, irin wannan kyautar ɓatacciya ce, ita ko magadanta suna da ikon neman abinsu. Maraya kuwa da bai balaga ba, babu mai ikon yafe rabonsa, ko uwarsa, ko waliyyinsa. Aya ta 10 ta Suratun Nisa'i ta kamanta cin dukiyarsa da zalunci da cusa wuta a ciki. Kuɗin hayar shagunan da aka fasa a jikin katanga, wanda babban wa ke karɓa duk wata yana sakawa aljihu, maraya yana da kasonsa a cikin kowace dala.

Wasu kuma da daɗewa suke kafa hujja: shekara talatin ina cikin gidan nan, babu wanda ya ce mini kanzil. Gaskiya ne a mazhabarmu wanda ya riƙe gida shekara goma yana gini yana rushewa, mai da'awa yana gari yana kallo bai yi magana ba kuma babu abin da ya hana shi, alƙali ba ya sauraron ƙararsa bayan haka. Amma wannan tsakanin bare da bare ne. Tsakanin dangi shekara goma ba ta isa, domin an san ɗan uwa yana kawar da kai ga ɗan uwansa. Sannan ko alƙali ya rufe shari'a, bai halatta haram ba. Manzon Allah (S.A.W.) ya gargaɗi masu jayayya a gabansa cewa wanda ya fi iya baki har aka yanka masa haƙƙin wani, yankin wuta aka yanka masa. Ya kuma faɗi azabar wanda ya ci ko taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci, cewa za a rataya masa shi a wuya har ƙasa bakwai. Taƙi ɗaya ke nan, ina ga soro da zaure da rijiya?

Ba mu manta da haƙƙin wanda ya zauna ya riƙe gidan ba, domin shi ma sau da yawa ana zaluntarsa. Shi ya yi yaɓe duk shekara, shi ya sa siminti bayan faɗuwar darajar sefa a 1994 lokacin da komai ya yi tsada, shi ya biya haraji, shi ya yi jinyar tsofaffi. Ranar rabo sai waɗanda ba su taɓa aiko da ko jika ɗaya ba su zo da dillali. Adalci shi ne a zauna a yi lissafi: abin da ya kashe na gyaran dole a san da shi, abin da ya karɓa na haya shi ma a san da shi, a fitar da wannan daga wancan a gaban shaidu.

To yaya ake raba gidan da in an tsaga shi ya lalace? Wannan ita ce tambayar masu gaskiya, kuma shari'a ba ta bar ta ba amsa. Malamanmu sun kawo hanyoyi uku. Akwai rabon amfani, gida ya zauna na kowa, a yarda wane ya zauna a wannan sashe, wance a wancan, ko a ba da haya a riƙa raba kuɗin bisa kason kowa. Akwai rabon yarjejeniya, wane ya ɗauki gida, wane ya ɗauki gona ko shago, a cika wa wanda nasa ya gaza da kuɗi. Akwai kuma rabon ƙuri'a bayan an daidaita kashi-kashi da kima. Idan kuwa gida ba ya rabuwa sai da cutarwa, ɗaya daga cikin magada ya nemi a sayar, to ana tilasta wa wanda ya ƙi, kamar yadda Ibn Abi Zaidi ya tabbatar a Risala, littafin da babu makarantar zaure da ba a karanta shi a ƙasar nan. Wanda ke son gidan daga cikin magada yana iya riƙe shi a kan farashin da ya kai a kasuwa, ya biya sauran.

Ga masu tsoron kada gidan kakanni ya faɗa hannun bare, shari'a ta ba ku shufu'a. In ɗaya daga cikinku ya sayar da kasonsa ga wani na waje tun ba a raba ba, abokan tarayyarsa suna da ikon karɓe wannan kaso daga hannun mai saye, su biya shi daidai abin da ya biya, ko yana so ko ba ya so. Wanda ke gari ya sani ya yi shiru har shekara ta wuce, haƙƙinsa ya faɗi. Wanda ke tafiya yana nan a kan haƙƙinsa har ya dawo. A mazhabar Imamu Malik shufu'a ta abokin tarayya ce, maƙwabci ba shi da ita, saɓanin Hanafiyya da suka ba shi. Sai dai kyautatawa ce mai sayarwa ya fara yi wa maƙwabcinsa tayi. Ashe ke nan mai son a tsare gidan uba yana da hanya ta halal: ya sayi kason ƴan uwansa da kuɗinsa. Abin da ba shi da hanya shi ne ya tsare gidan da kuɗin marayu.

Kalma biyu ga masu saye da dillalai. Wanda ya sayi gidan gado daga hannun mutum ɗaya, alhali ya san akwai sauran magada da ba a shawarta ba, bai sayi komai ba sai kason wannan mutum, ko da ya samu takardar mallaka mai hatimi goma. Kason maraya a cikin gida ba a sayar da shi sai da larura ko maslaha bayyananniya, kamar tsoron rushewa babu kuɗin gyara. Shafe tsagar bango da farar ƙasa ranar da mai saye zai zo algus ne. Ƙara farashi da bakin wanda ba saye zai yi ba, don a ruɗi mai saye, haramun ne. Kai kuma da ka saya ka rushe ka tayar da bene a tsakiyar tsohuwar unguwa, ka sani ba ka da ikon buɗe taga a kan tsakar gidan maƙwabcinka inda iyalinsa ke sakewa, ko ka juya indararonka yana zuba a gindin katangarsa ta ƙasa. Kuma kada a fitar da matar mamaci daga ɗakinta don ciniki ya faɗa: tana da haƙƙin zama a gidan mijinta har ta gama takaba, wata huɗu da kwana goma, mai ciki kuwa har ta haihu.

Ku kuma iyayenmu masu gidaje da Allah ya bar ku da rai, da yawa daga cikin rigingimun nan daga bakinku suke farawa. Uba ya ce da ɗansa a gaban mutum biyu, gidan nan na ba ka, sannan ya ci gaba da zama a cikinsa har ya mutu. A mazhabarmu kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓa ya riƙe tun mai bayarwa yana da rai da lafiya, kuma gidan da mutum ke zaune a ciki sai ya fita ya bar shi. In bai fita ba, gida ya koma gado. Abin da aka ba magaji a kan gadon ciwon ajali kuwa hukuncin wasiyya gare shi, ba ya wucewa sai sauran magada sun yarda. Ku rubuta bashin da ke kanku da wanda kuke bi, ku faɗi wane ɗaki ne matarku ta gina da kuɗin sana'arta, ku sa shaidu adilai, ku ajiye takardar inda za a gan ta.

A cikin Suratul Kahfi Allah ya ba mu labarin bawansa Halliru, wanda ya tarar da katanga tana shirin faɗuwa a garin da aka hana su abinci shi da Annabi Musa, ya tayar da ita bai karɓi lada ba, saboda dukiyar marayu biyu tana ƙarƙashinta kuma ubansu mutumin kirki ne. Katangun Zango da Birni da yawa haka suke a yau, da haƙƙin marayu a ƙarƙashinsu. Muna kira ga babban kowane gida da ya san ba a raba nasu ba, ya tara magada tun kafin damina mai zuwa, maza da mata, na gari da na nesa. A fara da rubuta sunayen waɗanda suka rasu bi da bi, wane ya riga wane, domin a kan wannan jerin lissafin duka yake tsayawa. A kira malamin da ya san ilmin gado, a kira magina biyu ko uku su yi kima, a sa mai unguwa ya shaida. In an kasa daidaitawa a zaure, ƙofar fada da ta alƙali a buɗe suke, kuma zuwa can neman haƙƙi ba abin kunya ba ne ga mace ko namiji.

Allah ya jiƙan waɗanda suka gina gidajen nan, ya sauƙaƙa musu hisabi.